Daga Bel Zuwa Batir: Tarihin Famfon Sitiyari da Yadda Ya Samu Sabon Gida a Tsofaffin A-kori-kura

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyarin tsohuwar gingimari, ko a-kori-kura irin ta da, ya san cewa juya ta a tsaye aikin ƙarfi ne. Direba kan ɗago daga kujera, ya sa hannu biyu ya danna da nauyin jikinsa, gumi na zuba, kafin taya ta yarda ta karkata. Da mota ta ɗauki gudu kuma sai sitiyarin ya saki. Motocin yau kuwa ko da yatsa ɗaya kana iya juya su a tsaye. Abin da ya fara kawo wannan sauƙi shi ne wani ɗan famfo da ke tura mai da ƙarfi zuwa akwatin sitiyari, wato abin da makanikai ke kira pawa sitiyari.

To amma shi kansa famfon, wa zai juya shi? Shekaru da dama amsar ɗaya ce: injin mota, ta hanyar bel. A yau kuwa masu raya tsofaffin a-kori-kura a Amurka da Turai, irin su Ford F-100 da Chevrolet C10, da yawansu sun koma ciro famfo mai aiki da lantarki daga cikin mataccen Volvo ko Opel suna ɗaurawa a motar da ta girmi famfon da shekara talatin ko arba'in. Don a gane dalilinsu, da kuma inda dabarar ke iya jefa mutum cikin haɗari, sai mun koma baya kaɗan.

Me ya sa sitiyari ke da nauyi?

Taya ba ta taɓa ƙasa da tsini ɗaya. Tana zama ne a kan wani fili kamar tafin hannu, nauyin gaban mota duka yana danne da shi. Idan mota na tsaye ka juya sitiyari, murza robar kake yi a kan kwalta, kamar mai murje kunama da takalmi. Idan tana tafiya kuwa, tayar na mirginawa zuwa sabon wuri, murzawar ta ragu. Shi ya sa nauyin ya fi yawa wajen fakin da fita daga lungu.

A farkon ƙarni na 20 abin bai dami kowa sosai ba, domin motocin ba su da nauyi kuma tayoyinsu sirara ne. Amma a 1923 kamfanin Firestone ya fito da tayoyi masu faɗi da ƙarancin iska, sannan a shekarun 1930 masu ƙera motoci suka riƙa turo inji gaba har ya hau kan tayoyin gaba. Jin daɗin tafiya ya ƙaru, nauyin sitiyari ma ya ƙaru.

Maganin farko na ƙarfe ne zalla. Aka faɗaɗa sitiyari ya zama kamar faifai, aka kuma sa giya mai rage wahala. A irin waɗancan motoci za ka tarar sai direba ya juya sitiyari digiri 24 kafin taya ta karkata digiri 1. Ƙarfin da ake buƙata ya ragu, amma fa an biya da yawan juyi: sau biyar ko shida daga ƙarshe zuwa ƙarshe. A 1940 kuma sashen Saginaw na kamfanin General Motors ya kawo akwatin sitiyari mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke zagayawa a ciki kamar boris, don rage gogayya. An fara sa shi a Cadillac, daga baya ya zama ruwan dare a a-kori-kura na Amurka. Duk da haka dantsen direba ne ke yin aikin.

Francis Davis da bawul ɗinsa

Ilimin da ya warware matsalar ya daɗe a duniya. Blaise Pascal, masanin nan na Faransa, ya bayyana tun ƙarni na 17 cewa idan ka matsa ruwan da ke rufe a cikin mazubi, matsin zai watsu daidai ko'ina. Ma'ana, ƙaramin famfo na iya tura babban fistin. A 1795 Joseph Bramah ya yi rajistar injin matsa kaya mai aiki da wannan ƙa'ida a Ingila. Jek ɗin da ake ɗaga mota da shi a gareji jikan wannan injin ne.

Wanda ya ɗauko ƙa'idar ya sa ta a sitiyari yadda za ta yi aiki a kan titi shi ne Francis Davis, injiniya a sashen manyan motoci na kamfanin Pierce-Arrow da ke Buffalo a jihar New York. Lura da wannan: daga wajen manyan motoci tunanin ya taso, domin a can ne direbobi suka fi shan wuya. Davis ya bar kamfanin a 1922 ya duƙufa a kan aikin, kuma a 1926 ya nuna wata Pierce-Arrow da ya ɗaura wa na'urarsa tana aiki.

Gwanintarsa tana cikin bawul. Da an bar man a matse koyaushe, da tiyo ya riƙa fashewa, mai na tsiyaya ta ko'ina. Shi sai ya bar hanya a buɗe: muddin direba bai juya sitiyari ba, man yana zagayawa kawai daga tanki zuwa famfo zuwa bawul ya dawo, ba tare da wani matsi mai yawa ba. Da ya fara juyawa sai bawul ya tsuke hanyar komawa, ya karkata man zuwa gefe ɗaya na fistin, matsi ya hau, fistin ya taya shi tura tayoyin. A irin na baya-bayan nan, wani siririn sandan ƙarfe ne a cikin bawul ke ɗan murɗewa gwargwadon ƙarfin hannun direba, shi ke faɗa wa man yawan taimakon da ake so. Sannan ba a yanke haɗin ƙarfe tsakanin sitiyari da taya ba. Ko famfo ya mutu, mota za ta juyu, sai dai da kyar.

General Motors ya ƙulla yarjejeniya da Davis, amma karayar tattalin arziki da ta faro a 1929 ta sa kamfanin ya lissafa ya ga na'urar ta yi tsada, ya ajiye maganar. Davis ya koma aiki da kamfanin Bendix. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya farfaɗo da abin, domin motoci masu sulke sun fi ƙarfin dantsen soja. Ɗaya daga cikinsu ita ce Staghound, wadda Chevrolet ya ƙera wa sojojin Birtaniya daga 1942, mai nauyin kusan tan 14. Wani abin sha'awa game da ita shi ne direba na iya kunna famfon sitiyarin ko ya kashe shi daga inda yake zaune, gwargwadon yanayin hanya. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bayan yaƙi, Chrysler ne ya riga kowa kai na'urar kasuwa, a motar Imperial ta 1951, da sunan Hydraguide. Cadillac ya biyo baya a 1952. A-kori-kura kuwa an daɗe ana kallonta a matsayin motar aiki, don haka har cikin shekarun 1960 da 1970 sai mai saye ya ƙara kuɗi ake sa masa pawa. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin F-100 da C10 da yawa suka iso zamaninmu da busasshen sitiyari.

Aibin da ke jikin bel

Famfon da bel ke ja yana da wani aibi da aka haife shi da shi. Gudunsa a ɗaure yake da gudun inji. Yaushe direba ya fi buƙatar taimako? Lokacin fakin, inji na silo, famfo na juyawa a hankali. Yaushe ne ba ya buƙata? A kan babbar hanya, inji na ruri, famfo na gudu kamar zai tashi sama. Wato yana ba da mai yawa lokacin da ba a so, kaɗan kuma lokacin da ake nema.

Injiniyoyi suka rufe ɓarakar ta hanyar girmama famfon, yadda ko a silo zai wadatar. Sakamakon haka, a kan gudu yana turo mai fiye da kima, sai wani bawul ya mayar da rarar baya. Wannan zagayen banza yana zama zafi, zafin kuma daga fetur ya fito. Tafiyar kilomita 200 a miƙaƙƙiyar hanya, famfo na shan rabonsa tun daga tashi har sauka.

Lokacin da fetur ke da araha a Amurka ba wanda ya damu. Rikicin man fetur na 1973 ya canza lissafi, kuma a 1975 majalisar dokokin ƙasar ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanoni rage shan man motocinsu. Daga nan aka shiga farautar duk wani abu da ke satar ƙarfin inji. Fankar lagireto ta bar bel ta koma lantarki. Famfon sitiyari na cikin waɗanda aka sa wa ido.

Matakin tsakiya

Tunanin mai sauƙi ne: a bar mai da tiyo da bawul da fistin yadda suke, a cire bel kawai, a ba famfon nasa ɗan injin lantarki da ke shan wuta daga batir. Abin da Staghound ta yi da makunni a hannun direba, yanzu ƙaramar kwamfuta ce za ta yi: ta ɗaga gudun famfo wajen fakin, ta sauke shi a kan hanya.

Kamfanonin Japan ne suka fara kai shi kasuwa sosai. Subaru XT6 ta 1988 ta zo da shi. Toyota MR2 zubi na biyu, wadda ta fito a ƙarshen 1989, ita ma haka, kuma nata dalilin daban ne. Injinta a bayan direba yake, to maimakon a ja dogon tiyo daga baya zuwa gaba, sai aka ajiye famfon lantarki kusa da tayoyin gaba. Nan aka ga fa'ida ta biyu: famfon ya samu 'yancin zama ko'ina. Turai ta karɓa a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000: Mercedes A-Class ta 1997, Opel Astra ta 1998, Mini da Peugeot 307 na 2001, sai Volvo S40 da V50 na 2004. Wanda ya taɓa tuƙa 307 a titunanmu wataƙila ya san ɗan kukan nan siriri da ke tashi daga gaba idan an murɗa sitiyari a tsaye. Muryar wannan famfon ce.

Zamaninsa bai yi tsawo ba a ƙananan motoci. A shekarar 1988 ɗin nan dai, Suzuki ya fito da Cervo mai sitiyarin lantarki zalla, inda injin lantarki ke tura ƙarfen kai tsaye, babu mai, babu tiyo, babu yoyo. Da wannan ya ƙara ƙarfi sai ya share fage. Ford F-150 ta koma kansa a 2011 a yawancin nau'o'inta, Chevrolet Silverado 1500 kuma a 2014. Famfon lantarki ya zama kamar zangon da ayari ya yada ya wuce. Abin da ya bari shi ne miliyoyin famfuna a jikin motocin da yanzu suke tsufa suna shiga hannun masu sayar da kayan gwanjo.

Yadda ya faɗo cikin tsofaffin motoci

A nan ne masu tsofaffin a-kori-kura suka tsinci dami a kala. Sitiyarin lantarki zalla an fi ƙera shi ne don irin ƙafar motocin zamani. Tsohuwar a-kori-kura kuwa akwati ne da ita mai ƙwallaye, da sandunan ƙarfe masu nauyi, kuma akwatin irin wannan mai aiki da mai yana nan birjik. Abin da ya rage kawai shi ne a samo mai matsa man.

Mutum uku ne suka fi neman famfon lantarki. Na farko shi ne mai tsohon injin da ba a tanadar masa wurin ɗaura famfo ko ƙarin fuli ba. Na biyu shi ne wanda ya cire tsohon inji ya dasa na zamani, irin jerin LS da General Motors ya fara a 1997, ya tarar famfon bel na karo da shasi ko akwatin sitiyari. Na uku shi ne wanda ya mayar da motar mai aiki da batir gaba ɗaya. Shi ba shi da zaɓi ma, domin injin motar lantarki ba ya silo: mota ta tsaya, shi ma ya tsaya, daidai lokacin da ake neman taimako. Irin wannan juyi ya samu karɓuwa har kamfanin Ford da kansa ya nuna wata F-100 ta 1978 da aka mayar ta lantarki a 2021.

Famfunan da aka fi so su ne masu sauƙin kai. Na Astra, ban da manyan wayoyin wuta biyu, yana neman alama ce kawai cewa an kunna makulli kuma altaneta na caji. Na Volvo an ƙera shi ne ya riƙa sauraron kwamfutar mota, amma idan bai ji komai ba sai ya koma wani tsayayyen gudu na ko-ta-kwana ya ci gaba da aiki. Injiniyoyin sun yi haka ne don kada sitiyari ya mutu idan waya ta tsinke, sai ga shi ya zama ƙofar da ta ba shi damar aiki a motar da ba ta san kwamfuta ba. Sai dai a wannan hali an yi asarar rabin hikimar, tunda ba ya sanin gudun mota. Shi ya sa wasu ke ƙara masa 'yar na'urar da ke aika masa saƙon gudu.

Lissafin da ba a tsallakewa

Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Cire bel bai kawar da aikin ba, ya mayar da shi kan waya ne. Bari mu lissafa.

Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska wajen bar 2 zuwa 2.5. Man sitiyari, idan an kai shi maƙura, yana kaiwa bar 70 zuwa 100. Ƙarfin da famfo ke fitarwa shi ne matsi sau yawan man da ke gudana. A ce akwatin motarka na son lita 8 a minti ɗaya a kan bar 100. Ka ninka 100 da 8, ka raba da 600, za ka samu kilowat 1.3 da 'yan kai. Kwatankwacin ƙwan fitilar gaba 24 ke nan masu wat 55, a kunne lokaci guda. A motar da ke caji a kan bolt 14, wannan ya kai amfiya 95, tun ba a sa asarar zafi a lissafi ba. Famfunan ƙananan motoci ba su kai nan ba. Suna tsayawa ne wajen amfiya 60 zuwa 80 a maƙura, kuma man da suke turowa a wannan matsi bai kai haka ba.

Abu biyu ke fitowa daga wannan lissafi. Na farko, wutar tsohuwar mota ba ta isa. Ford bai bar batir mai bolt 6 ba sai 1956. Altanetar General Motors da ta yi tashe a shekarun 1970 tana ba da amfiya 37 zuwa 63 ne, kuma a silo ba ta kai ko hakan ba. Ka ga tsohuwar matsalar ta sake leƙowa ta taga: lokacin fakin ne altaneta ta fi rauni. Bambancin shi ne yanzu akwai rumbu. Batir na iya cike giɓin na 'yan daƙiƙu, abin da bel ba zai taɓa yi ba. Amma rumbun da ake ɗiba ba a zubawa ƙarewa yake yi, don haka sai an sa babbar altaneta, da waya mai kauri, da fiyus kusa da batir. Siririyar waya a kan amfiya 80 gobara ce ke jiran rana.

Na biyu, famfon da aka yi wa Astra bai san nauyin gingimari ba. Babban akwati yana da babban fistin, yana shan mai da yawa. Idan man bai isa ba, sitiyari zai yi laushi muddin a hankali kake juyawa, amma ranar da ka fizge shi don kauce wa wani abu sai hannunka ya riga man isa, ka ji ya ƙage kamar an riƙe. A lokacin da aka fi buƙatarsa ke nan. Wannan ne ya sa manyan motocin dakon kaya suka daɗe a kan famfon da inji ke ja, motocin bas masu lantarki kuma suke amfani da manyan famfuna da aka ƙera musamman dominsu.

Akwai ƙarin wurare biyu na taka-tsantsan. Wasu a-kori-kura, musamman masu dizal, suna da tsarin Hydro-Boost na Bendix, inda famfon sitiyari ne ke taimaka wa birki ma. A irin wannan mota, fiyus ɗaya ya ƙone ka rasa sauƙin sitiyari nan take, na birki kuma ya ƙare bayan 'yan takawa kaɗan. Sannan man da kansa: famfuna da yawa na Turai an yi su ne don wani siririn mai kore, tsofaffin akwatunan Amurka kuma sun saba da jan mai irin na giya. Sai an tabbatar robobin ɓangarorin biyu sun yarda da man da aka zuba.

Kada kuma a ɗauka manyan kamfanoni sun tsira daga tuntuɓe a wannan fanni. A 2010 Mazda ya janye motoci sama da 200,000 ƙirar Mazda3 da Mazda5 a Amurka saboda taimakon sitiyarinsu na iya ɗaukewa ana cikin tafiya. In masu ɗakunan gwaji sun gamu da haka, mai haɗawa a gareji da famfon gwanjo ya fi kowa buƙatar gwada aikinsa a fili, nesa da jama'a, kafin ya hau titi.

Inda aka kwana

Idan aka yi aikin da kyau, ribar a bayyane take. Tsohuwar mota ta riƙe akwatinta da kamanninta, taimakon sitiyari bai dogara da gudun inji ba, kuma in an tsara wayoyin yadda ya dace, ko inji ya mutu a gangara sitiyari ba zai sandare nan take ba. Manyan motocin zamani ma sun bi wata hanya mai kama da wannan ta haɗa tsoho da sabo: a 2013 kamfanin Volvo mai ƙera tireloli ya fito da tsarin da ke ɗora injin lantarki a saman akwatin mai, man na yin aikin ƙarfi, lantarki na yin na saiti.

Ga duk mai sha'awar gwadawa a tasa motar, tambayoyi uku ne zai fara amsawa kafin ya sayi komai: lita nawa akwatina ke sha a minti, amfiya nawa altanetata ke bayarwa a silo, kuma me zai faru da ni a kan hanya idan wutar ta ɗauke? Wanda ya samu amsar ukun a rubuce, shi ne ya isa ya kira mai rewaya.